Daminar da Na Ɗaga Rigar Baba

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Ƙanƙara ba. Ruwan marka ne, ba tsawa ba iska, sai zuba siriri-siriri kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Na dawo daga asibiti da la'asar, na baza littattafaina a tabarma, don saura wata biyu in zauna jarrabawar ƙwarewa, wadda sai likita ya ci ta ake ce masa ƙwararre a fanninsa. Ko shafi ɗaya ban karanta ba. Maƙwabciyata ta ɗora tafasa a wuta, ƙamshin ganyen nan mai ɗaci-ɗaci ya tsallako katanga ya same ni, ya mai da ni Tafoki, shekara bakwai baya, daminar da na koma gida bayan na faɗi jarrabawa.

Jarrabawar ƙarshe ce ta makarantar likitanci. Ta rubutu ba ta ba ni wahala ba, ni dama mai son takarda ce tun ina ƙarama. Wadda ta kayar da ni ita ce ta bakin gado. Za a kai ka ɗakin marasa lafiya, a ja labule, a nuna maka mutum kwance, a ce duba cikinsa, minti goma. Manyan likitoci biyu na tsaye suna kallon hannunka, kai kuma kana faɗin duk abin da ka gani a fili. Da ƙararrawa ta kaɗa sai ka ɗauke hannu, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Dattijo aka ba ni, mai farin gemu, yana kwance amma hularsa na kansa. Ina ganinsa gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana?" Na tambayi gajiya, na tambayi jiki, na tambayi mutanen gida. Shi kuma bawan Allah ya ga 'yar mutunci, sai ya saki jiki. Ya tambayi garinmu. Da na ce ƙasar Faskari, ya ce ai ya sha cin kasuwa a wajenmu yana saurayi. Ya ruwa a can? An yi shuka? Iyayena suna raye? Kowace tambaya sai da na amsa ta, don ban san yadda ake katse babba ba.

Da na miƙe kuma sai ga riga. Shekara uku ina zagayen asibiti, amma rukuni-rukuni muke tafiya, mu goma sha. Idan aka zo gadon mace ko na jariri, ni ce a gaba. Idan aka zo na dattijo, sai in sulale baya in bar wa maza. Babu wanda ya taɓa lura. Ran nan babu bayan wanda zan laɓe. Na kasa buɗe baki in ce wa sa'an mahaifina ya ɗaga riga. Na ɗora hannu a kan yadin ina lalube ta sama, har ƙararrawa ta kaɗa.

Ɗaya daga cikin masu jarrabawar, wata farfesa mai tabarau, ta rufe takardarta. Ba da faɗa ba, cikin Turanci mai sanyi, ta ce, "Kin gaishe shi da kyau. To, me ke damun cikinsa?"

Ban sani ba. Daga baya abokan karatuna suka ce saifarsa ta kumbura har ta kusa cibiya.

Aka ba ni wata uku in sake zama. Na riga na taɓa maimaita shekara a aji biyu, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, don haka a ƙa'idar makarantar wannan ce dama ta ƙarshe. Idan na sake faɗuwa, shekara bakwai sun tafi, ba zan zama likita ba.

Na sauka Tafoki a tsakiyar watan Yuni. An gama shuka, masara ta kai tsawon yatsa, ƙasa ta yi duhu ta yi laushi, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙen turɓaya. Gari ya yi kyau kamar an wanke shi. Amma cikin gida da na kalli rumbunanmu uku sai na ga biyu a buɗe, kaji na shiga suna fita. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, tsutsa kuma ta cinye zuciyar masara. Abin da ya rage a rumbu na ukun shi zai kai mu kaka, mu goma sha ɗaya.

Babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Idan yana son ruwa ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya kalli bango ya ce, "A kawo ruwa." Inna ma haka. Ta karɓi jakata ta ajiye, ta turo mini kunu da magana ɗaya tak, "Ga shi nan," ta koma bakin turmi. A ɗakin kakata na tashi har ta rasu, don haka wanda nake sakewa da shi a duk gidan shi ne kakana, mahaifin Baba, da muke kira Baba Tsoho. Shi a zaure yake wuni, yana tufkar igiya, da tsohon agogon hannu a aljihu wanda maɗaurinsa ya tsinke tun ban san kaina ba.

Shi ne ya tare ni. "Amarya, an ce kin sha ƙasa. Mi ya kada ke? Turancin ne ya ƙare?"

"Turanci na nan, angona. Gaisuwa ce ta kada ni."

Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce masa, ya yi tari, ya share ido. Sannan ya ce, "To ai ba ki yi laifi ba. Amma su ma ba su yi ba. Mutum ya zo da ciwo a ciki, kin sallame shi da sannu."

Kwanaki suka kama hanyarsu. Da asuba maza su saɓa fartanya su tafi noman firi, wato noman farko. Ni da Inna mu yi shara, mu ɗebo ruwa, ta auna dawa da ƙaramar ƙwarya, ta tsaya tana kallon ta, ta rage tafi ɗaya ta mayar. Mu surfa, mu wanke, mu shanya idan rana ta yarda. Da hantsi in ɗauki littafi in tafi gindin ɗorawar bayan gida in karanta hanta da ƙoda da zuciya, ina kallon gajimare suna taruwa ta gabas kamar tumaki sun ji kiran mai su. Wani lokaci sai in farga na yi rabin sa'a a layi ɗaya. Da azahar in ɗauki abinci in kai gona.

Gonar tana da nisa, can wajen bakin daji. Yanzu ba ma noma ta, shekara biyar ke nan babu mai kwana da niyyar zuwa wajen saboda ɓarayin daji, ciyawa ta rufe kunyoyin. A lokacin kuwa ni kaɗai nake tafiya, ƙwarya a ka, ina bitar sunayen jijiyoyi da ƙarfi, kwaɗi na amsa mini daga fadama. Idan na isa, ƙannena su yar da fartanya su taho. Baba kuwa ba ya ɗagowa. Sai ya ce, "A ajiye can," ya ci gaba da noma. Idan na koma ɗaukar kwanuka nakan ga nasa a gaban ƙannena. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka ya ci ya rage.

Da yamma nake gwajin hannu. Matan unguwa suka ji akwai mai duba ciki kyauta, suka riƙa shigowa, masu ciki da masu goyo da tsofaffi. Wannan bai taɓa yi mini wuya ba. Sai na koma kan Baba Tsoho. Tun kafin in yi magana ya tuɓe riga ya wurgar, ya miƙe a tabarma ya ce, "Zo ki ga abin da kika aura." Na duba shi tsaf cikin minti shida, yana ta ƙorafin hannuna da sanyi kamar na kwaɗo.

Da na gama ya tashi zaune ya ce, "Wanga aikin banza ne."

"Ban yi daidai ba?"

"Kin yi. Amma ni abokin wasanki ne, ko kunnena kika ja ba komai. Ba irina ne suka kada ke ba. Bari in samo maki masu nauyi."

Washegari bayan la'asar sai ga shi ya taso dattawa uku daga masallaci, har da Malam Liman, wanda ya raɗa mini suna. Ya zaunar da su a zaure, ya ɗauko tasa da cokali ya ajiye a gabansa, ya ciro agogo. Ya ce shi ne farfesa, idan ya buga tasa an gama.

Abin ya fi na asibiti muni. Waɗannan sun san ni tun ina tsumma. Malam Liman ya tambayi karatu, ya tambayi birni, ya yi mini addu'a mai tsawo, ni kuwa ina durƙushe ina amin. Bai kai ƙarshen addu'ar ba Baba Tsoho ya rafka wa tasa cokali.

"Haba Alhaji, addu'a fa nike," in ji Liman.

"Can ma haka za su yi mata. Ba su san amin ba."

Na biyu ya ce shi ba cikinsa ke ciwo ba, gwiwa ce, ya miƙo ƙafa. Na uku ya yarda ya kwanta, amma da na kai hannu bakin rigarsa sai yatsuna suka ƙi. Aka buga tasa. Sati biyu muna haka. Dattawan suka mai da abin hira, suna zuwa da goronsu, ni kuwa kullum in koma ɗaki in kifa fuska a littafi. Na san komai a takarda. Na san inda saifa take, na san ta inda ake fara lalubo ta. Tsakanina da ita yadi ne ƙwaya ɗaya, na kasa ɗagawa.

Aka yi maimai, aka zuba ɗan takin da aka samu, aka yi huɗa. Masara ta wuce kaina, ta fitar da gemu, amma ba ta nuna ba. Wannan shi ne lokacin da gona ta fi kyau, gida kuma ya fi yunwa. Kunun safe ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Abincin rana ya koma kwaɗon tafasa, da farko da ƙuli-ƙuli, daga baya gishiri da barkono kawai. Mukan tafasa ganyen sau biyu mu zubar da ruwan don ɗacin ya ragu, duk da haka yana kwana a maƙogwaro. Tuwo sau ɗaya, da magariba, malmala ƙanana. Karatu da yunwa wani iri ne. Haruffa sukan yi iyo, kai ya yi sakayau, sai ka ji kamar tunaninka ya fi kullum haske, amma ka rufe littafi ka nemi abin da ka karanta ka rasa.

Sai marka ta sauka a watan Agusta. Kwana bakwai ba mu ga rana ba. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, idon Inna kullum ja. Tufafi suka ƙi bushewa, littattafaina suka kumbura suna warin danshi. Katangar bayan gida ta zauna a hankali wata safiya, ba ƙara, kamar tsohuwa ta gaji da tsayuwa. Ba a zuwa gona. Maza suna ɗaka suna jin ruwa.

A rana ta biyar, da hantsi, Baba Tsoho ya aiko a kira ni zaure. Na yafa buhu a ka na tsallaka tsakar gida. Na ɗauka dattawan ne suka zo duk da ruwan. Ina shiga na ga mutum ɗaya kwance a tabarma, da rigarsa ta shuɗin yadi, hularsa a kai, ya miƙe ƙafafu ya haɗa su, idonsa na kan azara. Baba ne.

Na juya zan fita. Baba Tsoho ya ce, "Ina za ki? Ga mara lafiya an kawo."

Baba bai kalle ni ba. Ya ce wa mahaifinsa, "A ce mata ta fara."

Baba Tsoho ya duba agogo ya ɗaga cokali. "An fara."

Na durƙusa ta damansa, kamar yadda aka koya mana. Rufin zauren na ɗiga a kwano ta gefe ɗaya, ɗis, ɗis. Ban taɓa kusantar Baba haka ba tun da na yi wayo. Ina jin ƙamshin hayaƙi da ƙasa a rigarsa. Kafin in buɗe baki sai ya juyo da fuska, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Sannu da aiki, likita. Ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya."

"Ya gida? Ya ruwa?"

"Lafiya lau. Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Ke ɗiyar wane gari ce?"

Sai na gane. Baba Tsoho ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, shi kuma ya zo ya zama dattijon nan na asibiti. Mutumin da shekara ashirin da biyar bai yi mini tambaya biyu a jere ba, yau ga shi yana jero su don in koyi katse shi.

"Minti ɗaya ya tafi," in ji Baba Tsoho.

"Iyayenki suna nan da rai?" in ji Baba.

Na ce, "Suna nan, Baba. Ka yi haƙuri, zan ɗaga rigarka in duba cikinka."

Ya mai da ido kan azara. "Bismilla."

Na kama bakin rigar da hannu biyu na naɗe ta zuwa ƙirji. Na fara bayani da Turanci kamar yadda zan yi a gaban masu jarrabawa, Baba Tsoho ya ce, "A'a. Da Hausa, mu ma mu ji."

Na ce, "Na ga dattijo kwance, numfashinsa daidai. Akwai tsagar wanzami guda uku ta hagu, tsofaffi ne." Na tsaya.

"Sai mi?"

Haƙarƙarinsa nake kallo. Ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Cikin ya lotsa kamar akushi, fatar ta yi laushi ta tattare, ƙashin ƙugu ya fito, mazagin wandonsa an ƙara masa ƙulli. Babbar riga ta ɓoye duk wannan. Na tuna kwanonsa a gaban ƙannena.

"Sai mi, likita?" Baba Tsoho ya sake tambaya, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Ya rame," na ce. "Ya rame ƙwarai."

Na murza tafukana don su yi ɗumi, na ɗora. Na bi cikin kusurwa-kusurwa, a hankali, sannan da ɗan ƙarfi. Na ce ya ja numfashi, ya ja, na nemi hanta, ba ta sauko ba. Na nemi saifa, ba ta taɓo yatsana ba. Na ƙwanƙwasa, na sa abin sauraro na ji hanjinsa na ƙugi kamar hadari mai nisa. Na sauke rigar na gyara masa ita.

"Ban sami ciwo ba," na ce. "Abinci ne ba ya isarsa."

Can Baba ya ce wa azara, "Ta gama?"

Baba Tsoho ya duba agogo. "Saura minti biyu."

Muka zauna cikin minti biyun nan mu uku, ba wanda ya motsa, ruwa na ɗiga a kwano. Da suka cika, Baba Tsoho ya taɓa tasar da cokali a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri. Baba ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita cikin ruwa.

Ashe Inna na bayan katangar zaure tana ji. Da magariba ita da kanta ta kai masa tuwo, ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi baya, ba ta tashi ba sai da ta ji ya wanke hannu. Haka ta riƙa yi har sabon hatsi ya shigo.

Daga ran nan kullum bayan azahar Baba zai zo zaure ya kwanta. Kusan sati uku. Kullum da sabuwar gaisuwa: yau shi mutumin Mabai ne, gobe bafatake ne daga Sabuwa mai 'ya'ya goma sha biyu da yake son ya lissafa mini su. Ban taɓa sanin Baba na da ban dariya ba. Abin bai taɓa zama mai sauƙi ba, amma na koyi wata dabara: baki na amsa gaisuwa, hannu na aiki. In ce lafiya lau ina murza tafi, in ce ruwa ya yi gyara ina gyara matashi, a gaisuwa ta uku in nemi izini. Da muka koma kan dattawan masallaci, har Malam Liman sai da na duba. Ya tashi yana gyara rawani yana cewa, "Wagga ɗiya ta yi ido." Baba Tsoho ya ce, "Da can makauniya ka raɗa wa suna?" A tsakar gida kuwa komai na nan yadda yake. Baba ya kalli bango ya ce a kawo ruwa, in kawo.

Na tafi a farkon Satumba. Ruwa ya fara tsagaitawa, gero ya yi kai, ana gasa tumu a bakin hanya. Inna ta ƙulle mini guda biyu a leda ta ajiye a kan jakata ba tare da ta ce nawa ne ba.

Ɗakin nan ne dai, labulen nan ne, warin maganin wanke ƙasa. Masu jarrabawa biyu, maza, ban san su ba. Aka ja labule. Dattijo ne kuma, siriri, mai tsagar gado a kumatu, cikinsa ya yi tulu a ƙarƙashin riga. Gwiwoyina suka so su yi halinsu, na bar su suka ɗan rusuna kaɗan.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Ina gajiya? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau suke." Ina murza tafi.

"Daga ina kike? Na ji harshenki kamar na wajenmu."

"Daga Faskari, Baba. Ka yi haƙuri, zan ɗaga rigarka in duba cikinka. In na gama ma gaisa sosai."

Ya yi murmushi ya ɗaga hannuwa sama da kansa. Na naɗe rigar. Na faɗi abin da na gani da murya wadda ni kaina na ji ta: ciki ya kumbura, cibiya ta turo, jijiyoyi sun fito a fata. Na lalubo saifa, ga ta nan ta sauko yatsa huɗu, gefenta ya bugi hannuna da ya ja numfashi. Na ƙwanƙwasa, na juya shi gefe, na nuna akwai ruwa a cikin. Suka yi tambaya uku, na amsa biyu da kyau, ta ukun na ce ban sani ba. Ƙararrawa ta same ni ina sauke masa riga. Da yamma, bayan an sallame mu, na koma ɗakin na durƙusa a gefen gadonsa muka gaisa har sai da ma'aikaciyar jinya ta kore ni. Mutumin Sabuwa ne, manomin shinkafa.

Yanzu a rana nakan duba mutum arba'in, hamsin. Rigunan dattawa nawa na ɗaga, ban san adadi ba. Jarrabawar da ke gabana ta fi waccan zurfi nesa ba kusa ba, ina da fitila, ina da abinci, ina da abokan bita a waya. Baba Tsoho ya rasu shekara uku da suka wuce. Babu mai buga mini tasa.

Sakamakon waccan jarrabawar ya fito bayan na dawo gida, ana karyar masara. Saƙo ne ya shigo waya da hantsi, ina gindin ɗorawa, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa. Na karanta sau uku. Na ruga zaure, Baba Tsoho ya jefa hularsa sama ya ce yanzu ya auri likita, ba shi ba mutuwa. Inna ta ji, ta ci gaba da tankaɗe, amma na ga rariyar na rawa fiye da yadda aiki ke buƙata.

Ban jira azahar ba, na kama hanyar gona hannu wofi. Rana ta fito sosai, karan masara sun bushe suna ƙara idan iska ta bi ta cikinsu. Na hango Baba a tsakiyar kunya, ya ba ni baya, yana karya yana jefawa a tari. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Da na iso na durƙusa a bakin kunyar, sai maganar ta gudu, kunyar nan ta da ta dawo ta zauna mini a ka kamar ba ta taɓa tafiya ba.

Ya ji motsina. Bai juyo ba. Ya karya wata, ya jefa, ya karya wata.

"An ci?" ya tambayi karan da ke gabansa.

"An ci, Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan kara. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi," ya goge fuska da hannun riga, ya shiga cikin gonar yana duba masara ɗaya bayan ɗaya, yana taɓawa yana wucewa, har ya kai wani gefe mai damshi inda ba ta gama bushewa ba. Ya karyo wata babba, ɗanya, ya ɓare bawon ya duba ƙwayar. Ya dawo ya ajiye ta a kan kunya, tsakanina da shi, ya koma bakin aikinsa.

Na ɗauka. Da ɗumin rana a jikinta. Na riƙe ta da hannu biyu har gida.